Makiyayin da ya rasa tumakinsa

Da yamma, in rana ta yi sanyi, filin shaƙatawa na Country Park da ke arewacin birnin Greensboro kan cika da mutane da karnukansu. Baƙon da ya sauka daga Maraɗi ko Kano cikin makon nan sai ya tsaya ya riƙe haɓa. Ga mace fes da ita tana tafe, riƙe da igiyar kare mai tsayin rago. Karen ya tsuguna ya yi kashi, ita kuwa ta zaro leda daga aljihu, ta sunkuya ta kwashe, ta ƙulle bakin ledar, ta ci gaba da tafiyarta hankali kwance. A cikin filin har akwai wani yanki da aka kewaye da waya, ana ce masa BarkPark, inda ake kwance wa karnuka igiya su yi ta guje-guje, masu su na zaune a benci suna hira kamar iyayen da suka kai yara wasa.

Yawancin karnukan nan baƙonmu bai taɓa ganin irinsu ba. Wani gashi ya rufe masa ido, wani hancinsa a lotse, wani bai fi kyanwa girma ba. Amma akwai ɗaya da zai gane nan take: kunnuwa a tsaye cak, baƙin gashi shimfiɗe a gadon baya kamar sirdi, ƙafafu jajaye-jajaye, jela mai kauri tana reto. A gida sunansa karen 'yan sanda. 'Yan boko su ce Alsashan. Shi ne ake jin haushinsa daga bayan get a unguwar Nasarawa ta Kano ko Filato ta Yamai, wanda almajiri kan san gidan da yake tun daga nesa, ya sake hanya.

Sunansa na yanka bai haɗa komai da ɗan sanda ba. Jamusawa na ce masa Deutscher Schäferhund, Amurkawa kuma German Shepherd, duka ma'anarsu ɗaya: karen makiyayin tumaki na ƙasar Jamus. Na Greensboro dai mafi yawansu za su tsufa su mutu ba su taɓa shinshina tunkiya ba. Duk da haka, ginin jikinsa da tafiyarsa da kaifin ƙwaƙwalwarsa, har da halayen da ke sa masu shi kuka da shi, a bayan garke aka ƙera su. Wanda bai san garken ba zai daɗe yana mamakin karen.

Sanin nasa kuwa ya shafe mu, don a Greensboro maƙwabcinmu ne. Birnin shi ne na uku a girma a jihar Carolina ta Arewa, bayan Charlotte da Raleigh, ƙidayar 2020 ta sami mutum 299,035 a cikinsa. Da can garin masaƙu ne, yadin jins ɗin kamfanin Cone Mills ya zaga duniya kafin a rufe masaƙar White Oak a ƙarshen 2017. Tun shekarun 1990 'yan Nijar, Zabarmawa da Hausawa, suka riƙa sauka a nan, wani ya ja ɗan'uwansa, wannan ya ja abokinsa, har garin ya shiga cikin wuraren da aka fi samun su a Amurka. Gidan da mutum zai kama haya, da wuya a ce babu kare a hagunsa ko damansa.

Shinge mai ƙafa huɗu

A ƙarshen ƙarni na 19, ƙauyukan Jamus na da wata matsala da duk Bahaushe zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba. Gonaki ƙanana ne, a manne da juna, babu shinge. Makiyayi na da tumaki ɗaruruwa, ba shi da makiyaya tasa ta kansa, sai gefen hanya da saura da gonar da aka riga aka girbe. Taku biyu daga inda tumakinsa ke kiwo, ga alkamar wani ko kabejinsa kore shar. Wanda ya taɓa zama a fadar dagaci ranar da ake shari'ar ɓarnar gona, ko ya ga yadda ake cinye burtali kaɗan-kaɗan har shanu su rasa ta inda za su bi, ya san inda irin wannan zama ke kaiwa.

Maganin da makiyayan Jamus suka samo shi ne kare. Makiyayi zai nuna masa kwarin kunyar da ta raba makiyaya da gonar mutane, karen ya kama wannan layi, ya yi ta sassarfa a kansa, ya je ƙarshe ya dawo, ya je ya dawo, tun hantsi har la'asar. Tumaki na ganinsa suna sane da iyakarsu. Wadda ta yi taurin kai ta tsallaka, sai ya cafke ta a gashin cinya ko na ƙeya da cikakken baki, har ta koma, ba tare da ya yaga mata fata ba. In garke ya hau hanya, shi ke tsare gefe kada layi ya watse. Keken doki ya taho, ya matsa tumakin gefe guda ya buɗe hanya. An zo gada, ya tsaya a bakinta har ta ƙarshe ta haye.

Wannan aiki dabam yake da na sauran karnukan kiwo, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Border Collie na iyakar Ingila da Sikotilan tattaro tumaki yake yi daga kan tsauni, yana laɓaɓawa yana kafa musu ido har su bi inda yake so. Manyan fararen karnukan Great Pyrenees da na Anatoliya ta Turkiyya ba sa kora kowa ko'ina, a cikin garke suke kwana suna jiran kyarkeci. Karen ruga a wajenmu ya fi kusa da waɗannan na biyun. Bafulatani da murya da sanda yake tafiyar da shanunsa, sun san kiransa, sau da yawa ma shi ke gaba suna biye. Abin da yake nema wurin kare shi ne ya yi haushi in kura ko ɓarawo ya doso cikin dare. Cikin waɗannan, na Jamus shi kaɗai aka ɗora wa tsaron iyaka tsakanin dabba da amfanin gona. Nakan yi tunanin da a ce irin wannan dabara ta samu gindin zama a dazuzzukan Zamfara da Katsina tun shekaru ɗari da suka wuce, wataƙila da wasu shari'o'in ba su kai gaban alƙali ba. Amma shanun Bororo masu ƙaho kamu biyu ba tumakin Jamus ba ne, wannan ma a faɗe shi.

Daga aikin nan jikinsa ya fito. Dabbar da za ta wuni tana sassarfa tana buƙatar tsawon jiki ya ɗan fi tsayinta, da taku mai nisa wanda ba ya cin ƙarfi. In lafiyayyensa na sassarfa, gadon bayansa kusan ba ya motsi, ƙafafun ne kawai ke aiki a ƙasa. Namiji kan kai santimita 60 zuwa 65 daga ƙasa zuwa kafaɗa, nauyinsa kilo 30 zuwa 40. Karyar kan tsaya tsakanin santimita 55 da 60, kilo 22 zuwa 32. Gashinsa rufi biyu ne, na sama mai kauri da ke tare ruwa da ƙaya, na ƙasa mai laushi kamar auduga da ke tare sanyi. Wannan na ƙasan ne matan gida a Amurka ke yaƙi da shi: yana zuba duk shekara, sau biyu kuma a shekara ya zubo gaba ɗaya har a cika leda. Kunnuwan da muka san shi da su ba da su ake haihuwarsa a tsaye ba. Ɗan kwikwiyo kunnuwansa a kwance suke, sai wajen lokacin da ya gama famfara suke miƙewa, wani lokaci ɗaya ta riga ɗaya, ya yi makonni yana yawo kamar mai hula a karkace.

Halinsa ma daga can ne. Karen da aka bar wa iyaka dole ya riƙa yanke shawara da kansa, amma kunnensa na wurin ubangidansa. Shi ya sa yake da saurin koyo har abin ya ba da tsoro. A 1994 Stanley Coren, malamin nazarin halayya a Kanada, ya tattara ra'ayin alƙalan gasar biyayyar karnuka, wannan kare ya zo na uku, bayan Border Collie da Poodle. 'Yan sahun gaban nan kan kama sabon umarni kafin a maimaita musu sau biyar. Sai dai saurin koyon nan bai zaɓi abin da zai koya ba. Yadda yake koyon zama in an ce ya zauna, haka yake koyon buɗe ƙofa, da gane cewa in ya yi gurnani baƙo na ja da baya. Ga baƙo kuwa ba ya sakin fuska. Na kirkinsa ba ya faɗa wa mutum haka kawai, kallo yake bin ka da shi har sai ya ga yadda mai gida ya karɓe ka.

Kyaftin ɗin da ya nema masa sabon aiki

Kafin 1899 babu wani iri guda mai wannan suna. Kowane yanki da nasa karnukan kiwo. Na Thuringia ƙanana ne, masu launin kyarkeci da tsayayyun kunnuwa da zafin rai. Na Württemberg sun fi girma da ƙashi da natsuwa. Wanda ya haɗa su wani hafsan sojan doki ne, Kyaftin Max von Stephanitz, haifaffen Dresden a 1864. A 1899 ya ga wani kare mai suna Hektor Linksrhein a wurin baje kolin karnuka, ya saye shi, ya sake masa suna Horand von Grafrath. Ranar 22 ga Afrilu na shekarar, shi da abokinsa Artur Meyer suka kafa ƙungiyar masu kiwon wannan kare, wadda ake taƙaita sunanta da SV, aka rubuta Horand a lamba ta ɗaya cikin littafin asali. Ƙungiyar na nan har yau, hedikwatarta a Augsburg. Kusan duk karen wannan iri da ke duniya, na Country Park da na bayan get a Kano, zuriyarsa na komawa ga Horand. Don a kafa kamannin da ake so an yi ta haɗa dangi na kusa, uba da 'ya, wa da ƙanwa, kuma zuriyar na biyan bashin wannan har yanzu.

Stephanitz mutum ne mai kafiya, kyan kare bai dame shi ba in ba ya aiki. Kuma ya hango abin da ke tafe. Jamus na cika da masana'antu da layin dogo, tumaki na raguwa, makiyaya na ajiye sanda. Tun karen bai gama kafuwa ba aikinsa ya fara ɓacewa. Sai kyaftin ya shiga tallata shi ga 'yan sanda da soja, ƙungiyarsa ta tsara jarrabawa mai sassa uku, bin sawu da biyayya da kare ubangida, wadda ake yi wa kare kafin a yarda ya yi barbara. Abin ya karɓu. A yaƙin duniya na farko karnukan nan sun kai saƙo tsakanin ramuka, sun nemo raunanan sojoji, sun yi gadi.

Yaƙin ne ma ya yi sanadin sunan da muka san shi da shi. Turawan Ingila sun so karen, amma ba sa son jin kalmar Jamus a bakinsu, sai a 1919 suka yi masa rajista da sunan Alsace, yankin da ke kan iyakar Faransa da Jamus. Ba su mayar masa da sunansa ba sai 1977, lokacin kuwa Alsashan ya riga ya zauna a bakin mutanen ƙasashen da suka mulka, har da Najeriya. A Amurka kuma fim ne ya ɗaga shi. A watan Satumba na 1918 wani sojan Amurka, Lee Duncan, ya tsinci 'yan kwikwiyo a wani ɗakin karnuka da bom ya rusa a arewa maso gabashin Faransa. Ɗaya daga cikinsu, Rin Tin Tin, ya zama tauraron kamfanin Warner Bros. a shekarun 1920, kowa ya ce sai ya mallaki irinsa.

Aikin da ya fi burge ni cikin duk waɗanda aka ba shi shi ne na ɗan jagora. Yaƙi ya bar Jamus da dubban sojojin da suka makance, aka buɗe makarantar horar da karnukan jagora a Oldenburg a 1916. Wata Ba'amurkiya mazauniyar Suwizalan, Dorothy Eustis, ta yi rubutu a kan irin wannan horo a 1927. Aka karanta wa wani saurayi makaho a Nashville mai suna Morris Frank, ya tsallaka teku a 1928 ya dawo da wata karya da ya sa wa suna Buddy, a 1929 suka kafa makarantar The Seeing Eye. A wajenmu yaro ne ke riƙe wa makaho sanda, sau da yawa a bakin karatunsa. A can kare ne. Kuma abin da ake koya masa mafi wuya shi ne ya ƙi bin umarni: in makaho ya ce a tsallaka titi ga mota tafe, karen ya toge. Wannan hankalin tsohon makiyayi ne, wanda ya saba ganin abin da ubangidansa bai gani ba.

Hoton da ba a manta ba

A titin South Elm da ke tsakiyar Greensboro akwai tsohon kantin Woolworth. Ranar 1 ga Fabrairu 1960 ɗalibai huɗu baƙar fata daga kwalejin A&T, Ezell Blair Jr. da Franklin McCain da Joseph McNeil da David Richmond, suka zauna a kujerun cin abinci da aka keɓe wa farare, suka ƙi tashi. Zaman nasu ya bazu zuwa garuruwan kudancin Amurka. Blair daga baya ya musulunta ya koma Jibreel Khazan. Ginin yanzu gidan tarihin gwagwarmayar 'yancin baƙar fata ne, an buɗe shi a 2010.

A garin da ke da wannan tarihi, karen 'yan sanda na da wata fuska da baƙo daga Afirka ba lallai ya sani ba. Ranar 3 ga Mayu 1963, a Birmingham ta jihar Alabama, kwamishinan tsaro Bull Connor ya sa aka saki ruwan kashe gobara da karnuka a kan masu zanga-zanga, da yawansu 'yan makaranta. Mai ɗaukar hoto Bill Hudson ya kama lokacin da wani karen Jamus ya kai wa wani yaro ɗan shekara 15 cafka a ciki, ɗan sanda na riƙe da rigarsa. Washegari hoton na shafin farko na jaridar New York Times. Ya zaga duniya a daidai watan da shugabannin Afirka ke taruwa a Addis Ababa don kafa ƙungiyar haɗin kan nahiyar, har Milton Obote na Uganda ya rubuta wa Shugaba Kennedy buɗaɗɗiyar wasiƙa ta nuna ɓacin rai. A Greensboro ma makonnin nan ana ta maci, Jesse Jackson na cikin jagororin ɗaliban A&T. A 1964 aka yi dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a. Yau a filin Kelly Ingram na Birmingham akwai gumakan karnuka na ƙarfe da suka yo tsalle baki buɗe, mai ziyara sai ya ratsa ta tsakaninsu.

Ba wannan ne karo na farko ba, ba kuma na ƙarshe ba. 'Yan Nazi sun yi gadin sansanoninsu da shi, Jamus ta Gabas ta tsare katangar Berlin da shi, 'yan sandan mulkin wariya a Afirka ta Kudu sun saki irinsa a kan baƙaƙe. Ko'ina aikin ɗaya ne da na kwarin kunya: ga layi, kada a tsallaka. Karen bai san bambanci tsakanin tunkiya da ɗalibi ba, wanda ke riƙe da igiya ne ya sani. Saboda haka in ka ga dattijo baƙar fata a Greensboro ya ja jiki da ganin wannan kare, kada ka ɗauka irin ƙyamar da muka taso da ita ce ta najasa. Tasa daga wani wuri ta fito.

Dokar Susie

A watan Agusta na 2009 aka tsinci wata 'yar kwikwiyo a wani filin shaƙatawa na Greensboro, ruwa biyu ce tsakanin karen Jamus da pitbul. An doke ta, an cinna mata wuta, kunnuwanta sun ƙone, muƙamuƙinta a karye. Gidan kula da dabbobi na ƙaramar hukumar Guilford ya yi jinyarta ta rayu, aka sa mata suna Susie. Da aka je kotu sai jama'a suka gano cewa dokar jihar a lokacin ba ta ba alƙali damar ɗaure mai laifin farko a kan zaluntar dabba ba. Mutanen gari suka tashi tsaye, suka yi ta sintiri zuwa majalisar jiha a Raleigh, har da Susie ɗin kanta. A 2010 Gwamna Bev Perdue ta sa hannu a kan dokar da ake kira da sunan karyar, wadda ta ƙara nauyin laifin ta kuma buɗe ƙofar ɗauri.

Wannan ya kamata duk ɗan'uwan da ya sauka garin ya sani, don abin da muka ɗauka ba komai ba a gida, a nan yana iya kai mutum gaban alƙali. Jifan karen maƙwabci ba wasan yara ba ne. Ɗaure kare da sarƙa a tsakar gida a tafi aiki a bar shi, wanda shi ne rayuwar yawancin Alsashan a Kano, dokar Guilford ta hana. Dokar jiha ta wajabta allurar rigakafin haukan kare ga duk karen da ya kai wata huɗu. Amurka ta kawar da nau'in cutar da ke yawo tsakanin karnuka tun 2007, abin da ya rage a Carolina ta Arewa yana jikin namun daji ne irin su jemage da yanyawa da rakun. A duniya kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare. Shi ya sa tun 1 ga Agusta 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta tsaurara sharuɗɗan shigo da kare Amurka, musamman daga ƙasashen da cutar ta yi katutu, da Najeriya da Nijar a cikinsu. Mu kuwa ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom na yin allurar, ga asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, amma sai ka ga mutum ya zuba kuɗi ya sayi kare na ƙasaita, ya ji ƙyashin kuɗin allura.

Masu shi a Greensboro ma suna da nasu ciwon kan. Masu gidajen haya da yawa da wasu kamfanonin inshora sun sa shi cikin karnukan da ba sa karɓa. Sauron bazara na ɗauke da tsutsar zuciya, sai an riƙa ba kare maganin kariya a kai a kai. Ga kuma cututtukan gado. Babba cikinsu shi ne na ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daram cikin ƙoƙonsa, kare ya fara ɗingishi tun da sauran ƙuruciyarsa. Tun 1966 akwai gidauniyar OFA a Amurka da ke duba hoton ƙashin karnuka kafin a haɗa su barbara, mai saye mai hankali kan nemi ganin takardar iyaye. Akwai wata cutar laka da ke kama su in sun manyanta, ƙafafun baya su riƙa jan ƙasa har su mutu gaba ɗaya, a 2009 masu bincike suka danganta ta da wani canji a ƙwayar halitta da ake kira SOD1. Akwai murɗewar tumbi, wadda kan kashe kare cikin sa'o'i in ba a yi masa tiyata ba. Tsawon ransa shekara goma zuwa sha biyu, an gode Allah.

Wani laifin kuma na masu gasar kyau ne. Shekara da shekaru suna zaɓen kare mai gangaren baya da lanƙwasassun ƙafafu, don a ganinsu ya fi kyan tsayuwa a fili, har aka samu zuriyar da ke tafiya kamar mai ciwon baya. A gasar Crufts ta Ingila a 2016 wadda ta zo ta ɗaya a wannan iri ta jawo ƙorafi mai yawa, bayan jama'a sun ga yadda ƙafafunta na baya ke rawa a talabijin. Da Stephanitz, wanda ya rasu a 1936, zai leƙo, ban ga alamar zai gane jikokin Horand ba. 'Yan sanda da soja dai sun ba da tasu amsar a aikace: da yawa sun koma ga Malinois na Beljiyam, shi ma tsohon karen tumaki ne, ya fi sauƙin nauyi, ya fi zafin nama. Karen bana shi ke maganin zomon bana.

Mu da kare

Bahaushe na da kare a baki fiye da yadda yake da shi a zuciya. Karen mota, karen farauta, kare jini biri jini, wane na cin karensa ba babbaka. Da wuya ka ji an ambace shi a wurin yabo. Amma fiƙihun da muke bi ya fi al'adarmu sassauci. A mazhabar Malikiyya duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da kare da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki kuwa malamai sun ɗauke shi a matsayin bin umarni, ba hujjar najasa ba. Shafi'iyya ne suka tsananta. Hadisi ya yi izinin ajiye kare don farauta da kiwo da gona, ya kuma yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye shi ba dalili. Malaman da suka yi sharhin Risala na ruwaito cewa mai littafin kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Abin lura a nan shi ne duk izinin a kan aiki ya rataya. A wannan gaɓar, malaman Ƙairawan da kyaftin ɗin Jamus sun haɗu ba tare da sun san juna ba.

Muna kuma da namu. A kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, Buzaye da maƙwabtansu sun daɗe da wani dogon kare siriri, gashinsa kwance luf, haƙarƙarinsa a bayyane, yana gadin zango da dabbobi, yana kamo zomo da barewa. Ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, AKC, wadda babban ofishin ayyukanta ke Raleigh, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna daga Greensboro, ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa a 2019. Ɗan Tawa da ya taso yana korar wannan kare daga bakin rijiya zai sha mamakin darajarsa a nan. Shi an halicce shi don zafin Sahel. Na Jamus kuwa mai riga biyu ne, a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato da ke haura digiri 40 wahala yake sha, ga kaska da ke sa masa wata cutar jini wadda ta fi yi wa irinsa illa, ita ce ta kashe karnukan sojan Amurka da dama a yaƙin Biyetnam. A ɗaure shi a keji a rana, a ba shi ragowar tuwo, ba mai fita da shi, ba mai koya masa komai, sannan ran da ya kuɓuce ya yayyaga ɗan maƙwabci a ce ai dama mugun iri ne.

Tumaki fa suna nan a kewayen Greensboro. Jami'ar A&T, wadda aka kafa a 1891, tana da gona mai faɗin eka kusan 500 a gefen gari, da shanu da awaki da tumaki, ƙananan manoma kuma na kiwo a ƙauyukan Guilford, wasunsu ma Musulmin gari ne kasuwarsu in babbar salla ta zo. Sai dai waya mai lantarki ta karɓe aikin tsaron iyaka, ba ta ci, ba ta zuwa asibiti. Abin da ke damun manomi yanzu shi ne koyoti, wani ɗan'uwan dila da ya bazu a duk ƙananan hukumomi 100 na jihar, maganinsa kuwa farin Great Pyrenees ne, wasu ma jaki suke sakawa cikin garke don ya tsani duk wani dangin kare. Kiwon salon Jamus ya koma gasa. AKC na da fage na musamman dominsa, a Jamus kuma SV na shirya gasar ƙasa kowace shekara da garke mai tumaki ɗaruruwa.

Sauran, dubban da ke zaune a gidaje, da kansu suke nema wa kansu aiki. Mai gida ya fita da yara filin wasa, karen ya riƙa zagaye su, wanda ya yi nisa ya sha gabansa ya turo shi da kafaɗa. A yi baƙi a falo, ya kwanta a bakin ƙofa inda zai ga kowa, wani ya tashi zuwa bayi ya ɗaga kai ya bi shi da ido har ya dawo. In ka leƙa bayan gidan da ke da irinsa a unguwannin Greensboro, dubi gindin shingen katako. Sau da yawa za ka ga ciyawa ta mutu a wani siririn layi, daga wannan kusurwa zuwa waccan, jar ƙasar Carolina ta fito fili, ta daddale kamar turbar ƙauye.